Cibiyar Jikata a Aljihuna

Litinin, 3 ga Afrilu, da hantsi

Na sauke yara, na ajiye motar a bayan makaranta, ga ni zaune a kujerar direba da wani abu a aljihun rigata wanda bai fi ƙwayar wake ba, amma tun jiya ya hana ni sakat.

Cibiyar jikata ce. Ranar Juma'a ta faɗi. Jiya na je birnin Albuquerque na gan su, ina shirin tahowa sai 'yata Shanel ta biyo ni har bakin mota ta damƙa min ita, ƙulle cikin ɗan ƙyallen fata. Ta ce in kai wa kakarta a binne a shingen tumakinmu, inda aka binne tata, da tawa, da ta yayana Wilbert. Shanel ta yi karatun jinya, ta san sunan kowane magani, amma a kan wannan ba ta wasa, kuma ni na koya mata. Yaron da aka yar da cibiyarsa zai tsufa yana neman abin da bai sani ba. Wanda aka binne wa a gida kuwa, ko ina ya je sai ya dawo.

Na ce to. Me zan ce?

Sai ta ƙara da cewa ita da mijinta sun gama magana. Da zarar an kwashe ƙasar an zuba sabuwa, za su jawo gidan tirela, irin wanda ake ja da mota, su kafa kusa da namu kafin sanyi, yarinya ta tashi cikin tumaki kamar uwarta. Na sake cewa to. Mijin nata yana tsaye a ƙofa riƙe da jaririyar, ya kau da kai, ni ma na kau da nawa, yadda ya kamata tsakanina da surukina. Kunyar nan ta yi min rana jiya, don bai ga fuskata ba.

Ranar ashirin da huɗu ga wata masu katafila za su zo. Shekara da shekaru muna zuwa zauren taro muna ɓaɓatu, yanzu dai an ce layi ya zo kanmu, za su kankare ƙasar shingen da ta tsakar gida su tafi da ita, don cike take da dattin yuraniyom, ma'adinin nan mai guba. Kuma ba iska ce ta kawo shi ba. Mahaifina ne, ba zan kira sunansa ba tunda ya bar duniya. Lokacin yana haƙa wa kamfani ma'adinin, shi ya yi ta ɗebo yashi da duwatsu daga tulin da ke bakin ramin, ya shimfiɗa a shingen don kada taɓo ya ruɓar wa tumaki kofato. Kyauta suka ba shi. Har maƙwabta suna zuwa kallon shingen da ba ya caɓewa.

Litinin, da yamma

Ko takalmi ban cire ba Shimá ta miƙo hannu, haka muke kiran uwa da yarenmu. Mahaifiyata ta doshi casa'in, ido ɗaya ya tafi, amma ta san abin da ke aljihun mutum. Shanel ta riga ta kira ta, ashe.

Na ce iska ta yi yawa yau, kuma ya kamata a ce Wilbert yana nan. Ta ce cibiya ba doki ba ce da sai namiji ya riƙe. Na ce na gaji. Ta dube ni da idon mai kyau, ta koma kan kaɗin ulunta.

Ban binne ba.

Laraba, 5 ga Afrilu, da sassafe

Tumaki suna ta haihuwa. Ɗaya daga cikin 'ya'yan jiya bai tashi ba. Ba mu yi maganarsa ba.

Wilbert ya iso tun rana ba ta fito ba, kamar kullum. Gidan matarsa yana can hayin rafi, suna da nasu tumakin, amma kowace safiya sai ka ji a-kori-kurarsa tana tari a bayan hogan ɗin Shimá, zagayayyen ɗakinta na gargajiya. In matar ta yi masa ƙorafi sai ya ce ta je ta yi faɗa da cibiyarsa, ita ke jan shi. Yau da ya gan ni sai ya cire hula ya rusuna. Wai Direba ta zama kaka, daga yanzu motar makaranta da sanda za ta riƙa tafiya, yara su isa aji bayan an tashi. Na ce ya fara neman wanda zai ɗaura masa igiyar takalmi tukuna, tunda rabon da ya ga ƙafarsa tun kafin tumbin nan ya fito. Shimá ta ce mu biyun duk an yi asarar kunun da aka ba mu.

Na yi dariya har gefena na hagu ya kama. Na jingina da itacen shinge kamar ina duba ƙofa.

Alhamis, 6 ga Afrilu, da la'asar

Yarinyar ofishin muhalli ta zo, mai na'urar nan ta auna gubar ƙasa da ke ƙyas-ƙyas. Na shirya mata baƙar magana tun daga hanya, sai ta tsaya a ƙofa ta gaida Shimá da yarenmu, ta faɗi sunanta, Roselyn Bitsilly, ta jero zuriyarta huɗu yadda ake yi. Ta farko Ruwa Mai Ɗaci ce. Tamu ke nan. Shi ke nan ta zama 'yata, ta shiga kirana Shimá, ni kuma dole na ɗora mata kofi na soya mata gurasa. Ko haushin ma ba a bar mutum ya ji yadda yake so ba.

Ta zagaya shingen tana kafa ƙananan tutoci masu ruwan lemo duk inda na'urar ta haukace. Kafin ta gama wurin ya cika, 'yan raguna suna bi suna tauna su. A kusurwar gabas, inda ake binne mana cibiya, ƙarar ta haɗe ta zama ɗaya kamar ana suya.

Shimá ta sa na tambaye ta zurfin da za su haƙa. Ta ce har ƙugu. Ina za su kai ƙasar? Ta ce an haƙa babban rami a bayan jan dutse, an shimfiɗa masa leda mai kauri, za a zuba a rufe da duwatsu a kewaye da waya.

Shimá ta ce, "To har da mu za ku tafi."

Roselyn ba ta gane ba sai da na gaya mata abin da ke kusurwar. Ta sunkuyar da kai, ta ce tata ma tana shingen kakarta. Ni na ɗauka maganar za ta sa Shimá ta haƙura. Ina! Sai ma ta ce to dole a binne ta jaririyar kafin ranar, ta tafi tare da danginta. Ba za a sa 'yar mutane ita kaɗai cikin ƙasar da aka sayo a tifa ba, ƙasar da ba ta san kowa ba.

Na raka Roselyn mota. Na nuna mata tudun da ke samanmu da leɓe, inda tulin kamfanin yake har yau, fari-fari da rawaya, kwazazzabon da ruwa ke bi daga can ya ratsa ta bayan gidanmu. Na ce shi fa? Ta ce yana cikin tsari. Na ce yaushe? Ta buɗe ƙofar mota ta rufe, ta ce ba a sa rana ba, Shimá. Na ce to in an yi ruwan bazara, sabuwar ƙasar taku fa? Ta shiga mota ta tayar, ni kuma na ji daɗi da ba ta yi min ƙarya ba.

Asabar, 8 ga Afrilu, da yamma

Na je ɗebo ruwa a gari, tanki ɗaya, tafiyar rabin yini. Rijiyar fanka, wadda iska ke jawo mata ruwa, tana nan a bakin hanya da jan rubutun da aka yi mata na kada a sha. Ruwanta sanyi, daɗi kuma kamar me. Shi na sha har na yi aure.

Ban binne ba. Na ce wa Shimá na dawo a makare.

Lahadi, 9 ga Afrilu, da yamma

Tana aljihuna. In zan wanke rigar sai in mayar da ita cikin wata.

Talata, 11 ga Afrilu, da hantsi

Shanel ta kira ina bayan makaranta. Sun je sun ga tirelar, mai ɗaki biyu, da taga babba. Tana so tagar ta kalli shingen, yarinya ta farka ta ga tumaki. Ta tambaya ko an binne. Na ce tukuna. Ta ce me ake jira? Na ce mata wai ita me ta rasa a birni, ga ruwa a famfo, ga aiki, ga asibiti a bayan gida, za ta kwaso jaririya ta zo inda ake ɗebo ruwa kamar zamanin kakanni. Na faɗa da zafi, na sani. Sai ta ce, "Shimá, ba kya son mu kusa da ke ne?"

Kai, wannan yarinya. Da za ta ga cikina.

Abin da ya kamata in faɗa mata ba ya faɗuwa. Mu ba ma cewa mutum in ka yi kaza, kaza zai sami ɗanka. Wanda ya faɗa shi ya kira abin, da bakinsa ya buɗe masa ƙofa. Yaya zan haɗa sunan jikata da wannan kalma a numfashi ɗaya? Ko a nan ba zan rubuta ba. Sai na ce mata yara sun fito, alhali ko ƙararrawa ba a kaɗa ba.

Jibi zan koma wurin likitar nan da ta ɗauki hoton cikina. Wilbert zai kai ni. Na ce wa Shimá gwajin ido ne na direbobi.

Alhamis, 13 ga Afrilu, da yamma

Likitar baƙuwa ce amma ta daɗe a cikinmu, ta san yadda ake magana. Ba ta ce ke ba. Ta jawo kujera kusa, ta ce akwai wata mata mai kamar shekaruna, an ga wani abu a ƙodarta ta hagu. Ta ce irin wannan matar gara a cire mata ƙodar da wuri, tsakiyar watan gobe, daga nan a ga abin da ya rage. Ta tambayi wane ruwa matar ta sha tana ƙarama.

Na ce matar ta sha na rijiyar fanka kamar kowa. Na ce matar a shingen tumaki ta yi rarrafe, a nan ta yi wasan ƙasa, ta gina ɗakunan 'yar tsana da yashin rawaya don ya fi kama jiki. Likitar ta ce ba wanda zai iya cewa tabbas daga nan ne. Na ce na sani. Ta ce matar tana da tambaya? Na ce matar tana so ta tafi gida.

Wilbert yana zaune a wurin. Ya dawo da ni bai kunna rediyo ba.

Juma'a, 14 ga Afrilu, da hantsi

Na yi aikina. Ba wanda ya makara.

Asabar, 15 ga Afrilu, da rana

Wilbert ya karɓe min jarkar ruwa daga hannu. Tun da aka haife ni bai taɓa karɓar min ko cokali ba. Na ce ya ba ni abina ko in fasa masa kai da ita. Bai rama ba. Ya ce to ƙanwata, ya ajiye. Ƙanwata! Gara ya zage ni.

Litinin, 17 ga Afrilu, da hantsi

Yau saura ƙiris in jefar da ita.

Bayan na sauke yara na bi ta hanyar gada. Na tsaya, na buɗe tagar direba, na ciro ƙullin. Iska na kaɗawa sosai, da na buɗe hannu shi ke nan, in ce wa kowa ta faɗi ban sani ba. Su yi fushi, su huce. Na riƙe ta a waje har hannuna ya yi sanyi. Sai na tuna wani tsoho da muke gani muna yara, kullum yana buɗe akwatuna yana laluben aljihu, in an tambaye shi me yake nema sai ya ce bai sani ba. Ana cewa a asibitin Turawa aka haife shi, suka zuba tasa a shara. Na ga jikata da furfura tana laluben aljihu.

Na mayar na rufe taga.

In na binne, na ɗaure ta a nan. In na yar, na sake ta ba gida. Kuma ba wanda zan tambaya, don tambayar ma sai na faɗi abin da ba a faɗi.

Sau biyu na tafi, ni. Na farko Phoenix, ina ɗinki a masana'anta, da ɗakina da fanka. Na biyu da uban Shanel, can inda yake aikin jirgin ƙasa. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya aiko a kira ni. Haka kawai sai in wayi gari ina jin warin ulu a jiƙe, in kasa cin abinci, sai na ga kaina a tashar mota. Ina dawowa kuma in fara jin haushin wurin. Har yau haka nake, ina son ƙasar nan kuma ina jin haushinta, kuma ban iya zama ko'ina ba.

Laraba, 19 ga Afrilu, da la'asar

Roselyn ta dawo ta gaya mana masaukin da za a kai mu a gari har a gama aikin, tumaki kuma su koma hayi wurin Wilbert. Shimá ta ce ita ba kaya ba ce. Daga baya ta tambaya ko za a bar ta ta tafi da masaƙarta.

Da Roselyn za ta tafi na ja ta bayan mota, na ciro ƙullin, na ce ta ɗora masa na'urar. Ta dube ni, ta gane ko mene ne, ta goge hannunta a wando kafin ta matso. Muka yi nisa da shingen. Na'urar ta yi ƙyas, ta yi shiru, ta sake ƙyas can da nisa, yadda take yi a ko'ina. Ta ce lafiya lau take, Shimá.

Ita kaɗai ce abin da bai yi ƙara ba a gidan nan.

Alhamis, 20 ga Afrilu, da yamma

Shanel ta turo hoton jaririyar tana hamma. Ba ta kira ba. Ni ma ban kira ba.

Ban binne ba.

Juma'a, 21 ga Afrilu, da yamma

Mun kora tumaki hayi. Shingen ya zama fili, daga shi sai tutoci. Wilbert ya yini yana aiki kusa da ni, ko sau ɗaya bai ce Direba ba. Mun sha romon naman tunkiya mu uku kamar baƙi a tasha, ba a jin komai sai cokali.

Dabarata ɗaya ce, kuma ba dabarar kirki ba ce: in yi ta jan ƙafa har Litinin, katafila ta zo ta raba gardama.

Asabar, 22 ga Afrilu, da magariba

Shimá ta gano ni. Ina naɗe mata barguna ta ce gobe kafin rana ta fito, ko in ba ta da hannuna ko ta sa nata a aljihuna, kuma in ga ko zan iya ture uwata. Ta ce abin uwar yarinyar ne, uwar ta ce a binne, ni 'yar aike ce kawai. Gaskiya ta faɗa.

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Ba abin da ya fito sai to.

Lahadi, 23 ga Afrilu, da hantsi

Bari in rubuta yadda ya faru tun ban fara gyara shi a raina ba.

Gabas ta fara fari muka fita. Shimá ta sa rigar karan-miskinta ta zuwa biki da sarƙar shuɗin dutse, ta ɗauki sandar haƙa da ƙaramar jakar garin furen masara da muke addu'a da shi. Na ba ta ƙullin a ƙofar shinge. Ta durƙusa a kusurwar gabas tsakanin tutoci biyu, na miƙa hannu in taimaka mata ta buge shi. Ta shiga haƙa. Sama-sama taki ne baƙi, ƙasa kaɗan sai ga yashin mahaifina, da rawayarsa kamar jiya aka zuba. Ramin ya isa tuni, ba ta daina ba. Ni ina tsaye a kanta, hannuna a aljihun da babu komai, ina jin kamar ni ake haƙa wa.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wilbert ya daina tsokanarki."

Na ce ya gaji ne, aikin tumaki.

"Tun Alhamis ɗin gwajin ido. Yaron da tun yana goye bakinsa bai taɓa rufuwa ba." Ta ƙara haƙawa. "Kuma in kin sunkuya sai kin dafe hagu."

Ba ta tambaye ni ba, kuma ba ta kira sunan komai ba. Ta ajiye sandar ta zura hannu cikin ramin tana shafa gefensa.

"Taki a nan take. Har gwiwar hannu na haƙa mata. Kakarki ta ce ya isa, na ƙara. Na ga ƙafafunki tun kina cikin tsumma, na san mai tafiya ce, ni kuma ba na so ki tafi." Ta zaro hannun ta dubi yashin da ya manne a yatsunta. "Kin tafi sau biyu. Kin dawo."

Na ce Shimá, ba ki sani ba, ba wanda ya sani. Ta ce in yi mata shiru.

Ta kwance jakar, ta ɗebi garin furen masara ta taɓa harshenta, ta taɓa kanta, ta barbaɗa a ramin. Ta yi addu'arta a hankali tana fuskantar gabas, duk ban ji ba sai sunayen dangantaka, 'yata, jikata, 'yar jikata. Ta riƙe ƙullin a kan ramin. Ta daɗe a haka. Sannan ta sa ɗaya hannun ta tura ƙasa ta rufe ramin, ta daddanna da tafi, ƙullin yana hannunta.

Ta miƙo min. Ta ce, "Wannan kada ta dawo."

Na yi kuka kamar yarinya, a tsaye, da baki buɗe. Sati uku ina neman wanda zai sauke min wannan kaya, da aka sauke kuma ban ji sauƙi ba, baƙin ciki na ji. Tun kakannin kakanninmu ba a taɓa haihuwar mace a gidan nan aka ce kada ta dawo ba. Shimá ta ce in na gama in ɗaga ta, gwiwarta ta ƙage.

Litinin, 24 ga Afrilu, da rana

Masu katafila sun zo. Mutanen kirki ne, da fararen kaya da abin rufe hanci, suna fesa ruwa kada ƙura ta tashi. Ban tsaya na ga kusurwar gabas ba.

Talata, 25 ga Afrilu, da yamma, a masauki

Shimá tana zaune a bakin gado da takalminta a ƙafa. Tagar ba ta buɗuwa, ƙofar kuma yamma take kallo. Ta tambaye ni wane irin mutum ne ke gina ɗaki ya juya wa rana baya.

Asabar, 29 ga Afrilu, da la'asar

Na je Albuquerque. Shanel ta buɗe ƙofa da fara'a, ta ɗauka albishir na kawo. Na zauna, na ciro ƙullin na ajiye a kan tebur. Fuskarta ta canza. Na ce kakarki ce ta ce in dawo da ita, kuma ta ce a bar maganar tirela. Ta ce ƙarya ne, ni ce na zuga tsohuwa, tun farko ba na so. Na bar ta ta gama.

Sannan na ce zan ba ta labarin wata mata. Na ce matar ta yi rarrafe a wani shinge, ta sha ruwan wata rijiya, an sa mata rana a tsakiyar watan gobe. Ban kai ƙarshe ba. Shanel ma'aikaciyar jinya ce, ita ma da irin wannan bakin take gaya wa tsofaffinmu magana a wurin aiki. Ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ta ce wane gefe? Na ce matar, hagu. Ta ce a nan matar za ta yi jinya, ba gardama. Na ce za a gani.

Surukina ya fito daga ɗaki da jaririyar. Ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da ya auri 'yata, ya ɗora min ita a cinya. Ta yi nauyi. Tana da ƙafafu irin nawa, dogaye, ba sa zama wuri ɗaya.

Shanel ta ɗauki ƙullin tana juya shi a tafin hannu. Ta ce, "To ita 'yar ina ce ke nan?"

Na ce ban sani ba. Ta tashi ta yi ta zagaya ɗakin tana neman inda za ta ajiye, ta buɗe nan ta rufe, ta buɗe can ta rufe. Da na fito tana riƙe da ita har yanzu.

Sun ce in kwana. Na ce Shimá tana jira.

Laraba, 3 ga Mayu, da la'asar

An mayar da mu gida jiya. Sabuwar ƙasar ja ce, sumul, ba ta warin komai. Tumaki sun tsaya a ƙofar shinge sun ƙi shiga sai da aka tura su. Tulin yana nan a kan tudu.

Yau bayan na tashi aiki Shimá ta ce in fitar da ita ta sha iska. Ba ta ce ina ba, ni ma ban tambaya ba. A mararraba hannuna ya juya kan motar da kansa, muka bi sabuwar hanyar da tifofi suka fasa har bayan jan dutse. Waya ce doguwa, da allo mai alamar rawaya, a ciki kuma wani tudu shimfiɗaɗɗe da ba a gama rufe shi da duwatsu ba. Na kashe mota. Muka zauna muna kallo.

Ba a jima ba na ji tari a bayanmu. A-kori-kurar Wilbert ce. Ba mu yi da shi ba. Ya fito ya jingina da tagata, ya dubi wayar, ya dube ni, ya ce, "Direba, ke ma an kira ki?"

Na ce ya matsa, tumbinsa ya tare min kallo. Shimá ta yi dariya har ta share ido.

Muna nan wayata ta yi ƙara. Shanel ce. Ina jin jaririyar tana ƙananan kuka a kusa da ita. Ta ce ba wani abu ba ne, kawai tun safe ta kasa zama, ta kasa cin abinci, har warin ulu take ji a ɗakin. Ta ce ta sa kaya a mota, yini ɗaya kawai za su yi, su gan mu su koma.

Na dubi tudun da ke bayan wayar. Tata ma tana ciki, ni na binne ta da hannuna, kuma na san zurfin da na haƙa.

Na ce, "Zauna inda kike, 'yata."

Ta ce to. Ban ji ta kashe motar ba.